Shekarad Da Yaya Yab Biya Aro

Bari in hwara da gaya muku mi a ka ce ma aro, don ni kaina da anka haiha Goronyo, nit tashi cikin albasa har na bar jin warinta, ban gane shi ba sai da yat tashi kuɓuce ma gidammu.

Babana ba ɗan garin ga na ba. Saurayi yaz zo daga kudancin Kabi neman aikin lebura wajen madatsar ruwa. Aiki yaƙ ƙare, abokanai sunka koma gida, shi yaz zamna. Wani dattijo mai gonaki wajen Taloka, wanda dut gidammu muke ce ma Baba Alhaji, shi yab ba shi wuri bakin kanal, hanyar ruwan da ka hitowa daga madatsa, yac ce noma ka ci. Ya san Babana Kirista na. Bai yanka mashi kuɗɗi ba, bai kira shaidu ba. To wannan shi a aro. Da gonag ga anka yi auren Inna, da ita anka ciyar da mu, ba mu da wata.

Amma aro na da nashi ladabi. Ba ka dasa icce cikin gonar aro, ko zogale, don icce shina cewa wurin naka na. In anka kwashe albasa, Baba shi zaɓi buhu guda, manya zalla, shi kai. Alhaji shi ce, "Mi na na wanga kuma? Ɗauke abinka." Baba shi ce, "Na yara na." Sai a shiga da shi ciki. Kuma dut shekara in ruwa yaɗ ɗauke, kahin a yi yahin iri, Baba shi sa rigatai ta zuwa majami'a, shi tahi zauren Alhaji, shi tuɓe takalma, shi ce ya zo roƙon gona. Alhaji shi ce, "Tahi ka noma." Dut shekara! Ina yaro abin dariya shike ba ni. Kowa ya san amsa, mi a amfanin tambaya?

Sai ga shekarad da man fetur yat tashi sama bai dawo ba. Kun dai san ta, kowa ya sha. Taki ya zama awa zinari, kuɗɗin hannu sun ɓace, mutum shina da abinai cikin banki amma shina kwana da yunwa. Ni kuwa lokacin ga na nis samu sana'ata. Babu wanda yak koya min, cikin waya nig gani, yadda a ka maida injin ban ruwa shi bar shan fetur shi koma shan gas. Injin Baba nih hwara buɗewa, shina bakin masallacin kasuwa wajen wani abokinai mai saida iri, ban ko tambaye shi ba don ya riga ya ce in gwada. Kabureta ta a ka taɓawa, a sa mata ɗan ƙarhen da ka karɓar tiyo daga tukunyag gas. Ranad da yat tashi da gas, nij ji wannan ƙara tashi, tsalle niy yi har nih hwaɗa cikin hwangalin albasa. In kana da inji ka zo da shi, gaskiya ina son nuna ma mutane abin ga. Daga nan manoma sunka dinga kirana, yau Boyekai, gobe can wajen Rabah, ina kan mashin da jakkas sifana.

Yawon ga shi yas sa kunnena yaj ji abin da Baba bai ji ba. Ko ina nit tsuguna gyara, zance guda a ka yi: mutanen birni sun shigo da kuɗɗi suna kama hilin bakin ruwa haya, suna biya tun kahin a yi huɗa. Masu gonaki, waɗanda su ma wuya ta kai musu, suna karɓe aro suna ba da haya. Wani tsoho da nig gyara ma inji yan nuna min wurin da yan noma tun shina saurayi, yanzu wasu baƙi na ciki.

Rannan da hantsi ina dawowa ta bakin kanal, sai nih hangi mota tsaye daidai gonammu. Babban ɗan Alhaji, wanda ka saida taki kasuwa, shi da wasu mutum biyu masu takalma sau-ciki. Ɗaya na nuna kanal da makullin mota, ɗaya na taka iyaka. Nik kashe mashin, nig gaishe su.

"A'a, injiniya!" in ji ɗan Alhaji. "Kai da gas ɗinka za ku ƙone muna gari."

"Lahiya dai?" nic ce.

"Lahiya lau. Baƙi na, suna kallon ruwa."

Kallon ruwa! Wa ka taka iyakag gona in ruwa shike kallo?

Nit tahi gida da gudu nig gaya ma Baba. Shina zamne ƙarƙashin rumhwa shina gyaran ƙotah hauya. Yas saurare ni har nig gama, yac ce, "To." Shi ke nan. Nic ce, "Baba, to kaɗai?" Yac ce, "Alhaji ya aiko ka ce min wani abu?" Nic ce a'a. Yac ce, "To ni ma ban ji komi ba."

Daga rannan idona yab buɗe, ko in ce yal lalace, don komi nig gani sai in ga hannu ciki. Alhaji ya wuce ni kasuwa ya amsa gaisuwa gajere, nic ce kunya ta shike ji. Washegari ya tsaya ya tambaye ni jikin Inna, nic ce lallashi na kahin yanka. Maƙwabcin gonammu da bai taɓa ba ni ko goro ba ya miƙo min kankana, nic ce wanga ya san wani abu. Har naman layya da gidan Alhaji ka aiko muna dut shekara, sai da niɗ ɗaga shi ina aunawa da hannu, ina ce ma Inna na bana bai kai na bara ba. Tac ce, "Kai, aje naman mutane! Ragon bana ma bai kai na bara ba." Amma na lura ita ma in Baba na addu'ar sahe, amin ɗinta ya rage ƙarhi.

Majami'ammu ƙarama ta, ɗaki guda da kwano, mahi yawa ma'aikata na da anka turo aiki, da 'yan tireda. Shekaran nan kwandon baiko har tausai shike ba ka. Baba dai bai hwasa hidda zakkatai ba, in babu kuɗɗi shi kai albasa ko gero. Ni kuwa in na gan shi ɗauke da kwano za shi majami'a, raina shi ɓaci, in ce ga mutum za a karɓe mashi gona shina rabon abinci. Na taɓa gaya mashi hakanan. Yac ce, "Da kuɗɗi niz zo garin ga? Ubangijin da yab buɗe min zuciyar Alhaji ina da riga guda, bai tsuhwa ba."

Ni niy yi ma Yaya waya, wannan kam ni na. Yaya shi a babban wana, shina birnin Sakkwato, shina da rumhwar cire kuɗɗi da saida kayan waya, kuma lokacin wahalar kuɗɗin hannu shi kam ya ɗan samu. Yaz zo ƙarshen mako da sabon agogo. Bayan an ci tuwo yag gyara zama.

"Baba, zamani ya canza. Yanzu ba a riƙe gona da gaisuwa. Bari in kai musu kuɗɗin haya, mu riga mutanen nan."

"Wa yac ce maka haya nike yi?"

"To ai shi na matsalar. Abin da ba ka biya ba, ba naka na ba."

"Daɗai ba nawa na ba," in ji Baba. "Ka ji ni da kyau. Ranad da kak kai kuɗɗi, ka maishe ni ɗan haya. Ɗan haya kuwa wanda yah hi shi kuɗɗi shi ka hidda shi. Kana da kuɗɗin mutanen birni?"

"Allah ma shina son mutum shi yi dabara, Baba."

"Dabarakka ta cire kuɗɗi ta. Bar min tawa."

Inna tas sa baki, tac ce, "Malam, yaron ga taimako shike nuhi." Baba yac ce ya sani, kuma ya gode, amma in Yaya na son taimako shi sai mashi taki. Sannan yac ce mu kama hannu mu yi addu'a. Ina riƙe da hannun Yaya, nij ji shina matsa min yatsa.

Kwana kaɗan bayan nan Yaya yak kira ni, murya cike da daɗi. Wai ya sami ɗan Alhaji shagon taki, sun yi magana ta 'yan zamani, ya tura mashi kuɗɗin haya ta waya, shi kuwa ya karɓa har da godiya. "Kar ka gaya ma tsoho," yac ce. "Shi yi ta addu'atai, mu mun ɗaure akuya." Ni dai abu guda yat tsaya min a rai. Nic ce, "Yaya, bai yi gardama ba ko kaɗan?" Yac ce ko kaɗan. Nic ce, "Mutumin da ke da masu mota a hannu, mi zai sa shi karɓi naka da sauri haka?" Yac ce ni dai zargi ya yi min yawa, wata rana sai na zargi inuwata.

Ruwa yaɗ ɗauke. Baba yas sa rigatai ta majami'a, yac ce in kai shi bisa mashin. Munka iske Alhaji cikin zaure bisa buzu, da rediyo gehenai. Anka gaisa, gida, iyali, gajiya, ruwan bana. Sannan Baba yad duƙar da kai yac ce abin da shike cewa tun ban zo duniya ba.

"Alhaji, na zo roƙon gona."

Alhaji yar rage muryar rediyo. Bai dubi Baba ba, ƙohwa shike kallo.

"Roƙo kuma? Ai ka biya. Mai haya ba shi roƙo."

Baba yaj juyo yad dube ni. Huskata ta gama magana.

"Shekara nawa," in ji Alhaji, "na taɓa aiko maka da yaro in ce ka ba ni sisi? Da ɗiyata tay yi ciwo, wa yak kai ta asibiti bisa keke in ba kai ba? Ka kawo min lissahi? Sai yau ina zamne, ɗan cikina shi zo shi ce min wai Kiristan bakin kanal ya aiko da kuɗɗi. Na ce ƙarya ta. Yan nuna min cikin waya."

Ni a raina cewa nike, yanzu Baba zai rantse bai sani ba, shi tsine ma Yaya, a wuce wurin. Ga abin da yac ce.

"Alhaji, ban aika ba, ban kuwa sani ba. Amma ɗana na, daga gidana yah hito, ba ni cewa ba ruwana. Ka yi haƙuri. Ni aro niz zo nema. In aro ya ƙare, ba ni iya haya."

"In haya ta, mutanen birni sun hi ka."

"Sun hi ni nesa."

"To?"

"To gonakka ta, Alhaji. Na ci, 'ya'yana sun ci. Allah shi saka."

Alhaji yaƙ ƙara muryar rediyo. Bai ce tahi ka noma ba, bai ce kar ka noma ba. Munka sa takalma munka hito.

Bisa hanya niy yi ta zuba. Nic ce Baba wanga shiri na, uba da ɗa sun haɗa baki, dama dalili suke nema, shi yas sa anka karɓi kuɗɗin Yaya da sauri. Nic ce aƙalla a ce su maido kuɗɗin, ko mu riƙe su da hayag ga ta bana tunda an biya. Baba yac ce, "Dubi hanya, kar ka zubar da ni."

Abin da yab bi baya shi yah hi ɗaure min kai. Washegari Baba yah hiddo irin albasatai, wanda shi da kainai shike hiddawa dut shekara, yag gyara bayan gida, yay yi yahi. Cikakken yahi, na gona guda, awa ba abin da yah hwaru. Inna tat tsaya da hannu bisa ƙugu.

"Malam, ina za ka dasa su? Bisa kaina?"

"Lokacin yahi na, na yi yahi. Lokacin dashe bai zo ba."

"In yaz zo babu gona hwa?"

"Sai mu ji abin da Ubangiji zai ce."

Sai zargina yak koma kan Baba. E, Babana! Nic ce mutum ba shi kwanciyar hankali haka banza, lalle akwai wata magana tsakaninai da Alhaji, ko wata gona da yas samu bai hwaɗi ba. In ya hita sai in tambayi masu shayi ina yab bi. Ba ko ina shike zuwa ba: majami'a, wurin mai saida iri, gida. Wata sahiya nis same shi bayan gida tsugune gaban irin nan, butar ban ruwa a hannu, ruwan ya ƙare tuni shi bai sani ba. Bakinai na motsi, idonai ja. Nan nig gane ba shi da wata dabara ɓoye. Tsoro shike ji awa kowa, sai dai shi in tsoron ya zo, can shike kai shi.

Yaya kuwa yak kira ɗan Alhaji har ya gaji, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Bai sake zuwa gida ba, kunya.

Iri yat tashi kore shar, yak kai tsawon dashe, yah hwara wucewa. Wanda yas san albasa ya san in iri ya tsuhwa cikin yahi, ko ka dasa ba shi yin kai mai kyau. Maƙwabta dut sun dasa. Ni ina bi ta bakin kanal ina ganin gonammu kwance, har rannan nig ga tarakta ta shiga gehen da ke jikin ruwa. Ban gaya ma kowa ba, na kasa.

Ranad da abin yaw warware, da la'asar ta, muna bayan gida. Munka ji sallama. Alhaji na da kainai, wanda rabon da shi tako gidammu tun sunan ƙanwata. Ɗan nashi mai taki na bayanai, kai ƙasa, riƙe da baƙal leda. Inna tash shimhiɗa tabarma, Alhaji yaƙ ƙi zama, yaw wuce wurin irin, yat tsaya shina kallo.

"Wanga hwa? Wace gona kas samu?"

"Ban samu ba, Alhaji."

"Kai dai taurin kanka na nan." Yaj juya ga ɗanai. "Ba shi."

Ɗan yam miƙo leda. Kuɗɗin Yaya na. Alhaji yac ce a maida ma mai su, a gaya mashi gonatai ba rumhwar cire kuɗɗi ta ba. Sannan yas sosa gemu.

"Ba ni yi maka ƙarya. Rabin da ke bakin kanal ya tahi. Wanga ya karɓi na mutanen birni tun kahin shi karɓi na ɗanka, hannu biyu yac ci. Na so in maida, amma an riga an kashe su cikin gida. Ni ma ina da bakuna, ka san shekarag ga." Yan nuna gabas da sandatai. "Rabin can na tudu shina nan. Tahi ka noma."

Baba yad duƙa har ƙasa. Inna tas saki guɗa, sannan tat tuna wa ke tsaye, tar ruhe baki da gyale. Alhaji yay yi dariya yac ce, "Bar ta ta yi, ai biki na."

Rabin tudu ya yi nisa da ruwa, sai da nih haɗa tiyo bisa tiyo, kuma da fetur za a ja ruwan nan da ba mu iya ba. Injina mai gas shi yay yi aikin, ina hwaɗi ina ƙarawa. Munka dasa abin da wurin yaɗ ɗauka cikin gaggawa, har Yaya yaz zo yat tuɓe agogo yash shiga laka, Baba yam miƙa mashi damin iri. Sauran irin Baba yar raba ma waɗanda nasu yal lalace. Albasab bana ba ta yi girman ta da ba, amma ta kai mu damina.

Ni dai har yau ban gama yarda ba. Ina ganin tun hwarko Alhaji ya san rabin nan ya tahi, kunyar hwaɗi shike ji, kuɗɗin Yaya sunka ba shi ƙohwa. Na gaya ma Baba haka ranad da muke cika buhun gaisuwa.

"Mai yiwuwa," yac ce.

"To in haka na, mi zai sa mu kai cikakken buhu? Rabin gona, rabin buhu."

"Abinci nir roƙi Ubangiji, ban ce mashi sai na bakin kanal ba. Miƙo min waccan babbar."

Nim miƙa mashi. Yas sa ta bisa, yaɗ ɗinke bakin buhu, munka ɗora bisa mashin. Da munka isa, Alhaji yal leƙo daga zaure yac ce, "Mi na na wanga kuma? Ɗauke abinka." Ni kuwa ina tsaye ina kallon gehen gidan, don akwai wata mota da ban sani ba aje ƙarƙashin darbejiya.